Taga Ta Huɗu

A Valparaíso, garin da gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
na kai mahaifina asibiti da ƙarfe biyun dare.
Hermógenes, masunci.
Shekara arba'in yana jan taru daga teku,
a daren nan numfashi yake ja, yana gagararsa.

Aka miƙo mana 'yar takarda: tamanin da bakwai.
Allon bango na cewa sittin da ɗaya.

A taga ta huɗu akwai wata mace mai tabarau,
an ɗaure ƙafar tabaran da zare.
Sunanta na maƙale a ƙirjin rigarta,
ban karanta ba.
Mai fushi ba ya karatu.

Na daki gilashin da tafin hannu.
Na kira ta da sunayen da uwata ba ta koya mini ba.
Na ce daga gumina ake yankar albashinta,
na ce da ubanta ne, da tuni yana kan gado,
na ce, na ce,
har yawuna ya yi ɗige-ɗige a tsakaninmu.
Masu jira suka sunkuyar da kai.
Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗauka.

Ba ta rama ba.
Ta tsallake kafaɗata da ido, ta dubi tsohon,
ta ga leɓensa ya soma shuɗi,
abin da ni ɗansa ban gani ba
don idona na kanta.
Ta danna wani abu a ƙarƙashin tebur,
ta ce, "A kawo keken marasa lafiya. Yanzu."
Muryarta ta yi rawa.
Hannunta bai yi ba.

Ƙofa ta haɗiye shi, ta bar ni da bakina.

Da gari ya waye likita ya ce zai tashi.
Na fito. Jiragen ruwa na kuka a tasha,
iska na ɗauke da gishiri da ƙarnin kifi.
Ga ta a bencin jiran bas,
ta tuɓe takalma ta ajiye a gefe,
tana tsoma busasshen burodi a shayin da ya huce.
Sai yanzu na karanta: Eliana Cárcamo.

Na tsaya kamar wanda aka dasa.
Ita ta riga ni: "Yaya tsohon?"

Na ce da sauƙi. Na ce ta yafe ni.
Ta tauna burodinta tukuna.
"Kai ne na uku a daren jiya," in ji ta.
"Gilashin da ka daka, bara aka kafa shi,
bayan an jefi abokin aikina da kujera.
Har yau ba ya ji da kunnen hagu.
Ina da 'ya, shekararta tara.
Kullum in na dawo sai ta tambaye ni,
'Mama, yau ma an yi miki ihu?'
Sai in ce a'a.
Ƙaryar ce ke gajiyar da ni, ba tsayuwar ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.
Bas ta zo, ta zura takalmanta,
ta gai da direba da sunansa,
suka haura dutse.

Magana zarar bunu ce,
na zare tawa daga rufin wata,
ruwa kuma a kanta yake zuba, ba a kaina ba.

Tsohon ya koma gyaran taru a bakin ƙofa.
Takardar nan tana cikin aljihuna har yanzu,
tamanin da bakwai, tawadar ta kusa gogewa.
In layi ya yi tsawo a gidan waya ko ofishin ruwa,
in na ji zafin nan na tasowa daga ciki,
nakan laluba ta da yatsa,
in ɗaga kai,
in fara karanta sunan da ke ƙirjin riga.